Daga zango zuwa gingimari: tarihin kwana a mota a hanyar Kontagora

Sahon Rami gari ne a ƙaramar hukumar Mashegu, cikin masarautar Kontagora, ƙasar da babbar hanyar Legas zuwa Sakkwato ta ratsa bayan ta haye kogin Kwara a Jebba ta wuce Mokwa. Mutanen wannan yanki sun saba ganin tireloli da tankoki jere a bakin titi da dare, direba na barci a bayan kujerarsa, yaran mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi. Abin da Turawa suka mayar nishaɗi, wato gyara motar gida ta zama ɗakin kwana, a nan larura ce ta haife shi.

Tun kafin Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a ƙarni na 19, fataken goro masu zuwa Gwanja suna da tsarinsu. Madugu ne ke yanke inda za a yada zango, kuma ba ya zaɓar wuri sai mai ruwa da ciyawar jakuna, kusa da gari. A sauke kaya a tsakiya, a hura wuta, a raba gadi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka buɗe gadar Jebba a 1916, sannan a hankali manyan motoci suka karɓe aikin jakuna. Kafintoci suka riƙa ɗora wa Bedford, daga baya Marsandi 911, bodin katako. Direbobi kuma suka ƙara nasu: akwatin tukunya da risho, jarkar ruwa ɗaure a gefe, tamfol da za a saki ya zama rumfa.

Babban gwajin wannan dabara shi ne aikin hajji ta ƙasa. A 1948 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi wata unguwa a Fagge har yau. Motocin kan bi ta Maiduguri, su shiga Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, su ratsa Abeshe da Darfur, su nufi bakin Bahar Maliya. Makonni ake yi a hanya. Mota ita ce rumbun gero da kilishi, inuwarta ce masallaci, mata da tsofaffi su kwana a ciki, maza a ƙasa.

A Jamus kuwa, kamfanin Westfalia ya fara sa wa Volkswagen Kombi gado da kabad a farkon shekarun 1950. Zuwa shekarun 1970 irin waɗannan motoci, da Land Rover, suna keto Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka Kano. A lokacin ne kuma, a 1975, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, doguwar 504 ta zama motar iyali da ta haya, wadda akan kwantar da kujerun bayanta a miƙe ƙafa idan dare ya riski mutum.

Bambancin Bature da Bahaushe yana wurin tsayawa. Baturen yawon buɗe ido yakan nemi inda babu kowa. Direba Bahaushe kuwa yana neman inda akwai fitilar mai shayi, da masallaci, da abokan sana'a da za su sa ido a kan kayansa. Rashin tsaron da ya addabi sassan jihar Neja a shekarun nan ya ƙara tabbatar da hikimar haka, don da yawa ba sa yarda magariba ta same su a daji.

Magidancin da ke son sa katifa a bayan motarsa, kayan aikin ba su da wuya: gidan sauro, ruwa, 'yar kafar shan iska a gilashi, a kuma kashe inji saboda hayaƙinsa na kisa cikin barci. Zaɓen wurin kwana kuwa, sai ya tambayi tsofaffin direbobi.