Ɗorawar Zakirai Ta Wa Ce?

Duk wanda ya bi hanyar Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ya san babu daji ko na magani. Gona ce ke bin gona. Amma fa ɗorawa, kuka, tsamiya da gawo na nan tsaye a gonakin, irin waɗanda daraktocinmu ke son a yi rawa a gindinsu. Dajin mutanen nan ke nan. To, na wa ne?

A al'ada, wanda ya gaji gona ya gaji itatuwanta, kalwa da kuka duk nasa ne. Kwatsam a 1910 Turawa suka yi doka cewa ƙasar Arewa kaf tana hannun Gwamna. Dokar 1962 ta miƙa ikon ga Minista, ta Obasanjo ta 1978 ta damƙa wa gwamnonin jihohi. Manomi mora kawai yake yi. Hukuma na iya karɓewa don amfanin jama'a.

Mai karatu, dubi diyyar: ana biyan shuka, itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Dokar ta ce ƙaramar hukuma ta ba manomi wani filin. A Zakirai, ina za a samo shi?