Tumunin Takaba da Sudusi, Wanne Ya Fi?

Yau tarihin lissafi za mu taɓa, amma daga bakin rumbu za mu faro.

Ina yaro aka yi rabon gado a gidanmu, wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Malam ya ce matar mamaci tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, mahaifiyarsa kuma sudusi, ɗaya bisa shida. Sai na tsoma baki, wai an cuci tsohuwa, ai 8 ta fi 6. Aka kwashe da dariya. Malam bai yi faɗa ba, ya ce in ɗauka damin gero 24 ne. "Kasa su takwas, kowane kashi nawa?" Uku. "To kasa su shida." Huɗu. Na yi tsit.

Ba da ka ya zaɓi 24 ba. Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 da 3 duk ke raba ta ba saura. Malaman gado na ce mata asalin mas'ala. Abin da muka zo muna fama da shi a firamare ke nan, alhali ya girmi boko a ƙasar nan. Kai, ya girmi Sabon Birni ma, wadda Gobirawa suka kafa shekaru bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wadda almajirai ke biyawa a zaure, tun ƙarni na 10 take da babin gado. A Bagadaza kuwa, wajen 820, Al-Khawarizmi ya ba wasiyya da gado babban kaso a littafinsa na aljabara.

To ga inda abin ya fi daɗi. Mutum ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Ku haɗa. 27! Dami kuwa 24 ne. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware irin wannan da abin da ake kira auli: a kasa dukiyar 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa. Sai kason mata ya koma 3 bisa 27, wato ɗaya bisa tara. An ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari a Kufa aka jefo masa tambayar, ya amsa nan take ya ci gaba da huɗuba, shi ya sa ake kiranta Mimbariyya.

Uwa fa, 4 bisa 27 ɗinta da sudusi, wanne ya fi? Ku lissafa, sai mun haɗu.