Yadda ake zaɓen abin takawa wajen aiki a sama

A unguwannin Kaduna irin su Kawo da Malali, magina da masu fenti kan ɗora katako a kan ganguna ko bulo domin su kai ga rufi. Sai dai faɗowa daga tsayin da bai kai mita 2 ba ma tana iya karya ƙugu ko fasa kai.

Dandamali mai faɗi da shingen kariya ya fi aminci. A Birtaniya, dokar 2005 ta hana tsayin shingen ya gaza milimita 950 a wuraren gini.

Tsani kuwa na gajeren aiki ne, kamar na minti 30. Idan tsayin da ya kai mita 4 ne, a janye gindinsa mita 1 daga bango. Da damina kuma, a tabbatar ƙasa ba ta yi laushi ba.