Tarihin Gulutatiyon: Daga Yisti Zuwa Jinin Ɗan Adam

A shekarar 1888 wani masani Bafaranshe mai suna Joseph de Rey-Pailhade ya lura cewa idan aka cuɗa ruwan da aka tace daga yisti da garin farar wuta, sai iska mai warin baragurbi ta tashi. Ya fahimci cewa akwai wani abu a cikin yistin da ke sauya farar wutar, ya raɗa masa suna filotiyon, wato "mai son farar wuta" da harshen Girkanci. Daga baya ya tarar da alamarsa a hantar dabbobi da tsokar nama. Amma bai iya ware shi ba, balle ya faɗi abin da ya ƙunsa, don haka maganar ta kwanta shekaru masu yawa.

A tsakanin haka ilimin furotin ya ci gaba a Jamus. Emil Fischer ya nuna cewa furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid. A 1901 shi da Ernest Fourneau suka haɗa tubala biyu wuri guda, a 1902 kuma ya fito da kalmar feftayid don gajerun sarƙoƙi irin waɗannan. Wannan ne ya ba masana ma'aunin da za su auna abin da Bafaranshen ya gano.

Wanda ya tono maganar shi ne Frederick Gowland Hopkins na Jami'ar Kambirij a Ingila. A 1921 ya ware sinadarin daga yisti da hanta da tsoka, ya sa masa suna gulutatiyon, ya kuma bayyana cewa tubala biyu ne suka yi shi: gulutamik asid da sistin. Hopkins babban malami ne da ake jin maganarsa, saboda haka aka karɓi bayanin, ya shiga littattafai.

A 1927 wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, George Hunter da Blythe Eagles, suka ware sinadarin daga jini da hanta da yisti, suka auna farar wutar da ke cikinsa, suka ga ba ta kai yadda lissafin tubala biyu ya nuna ba. Ma'anar wannan ita ce akwai wani tubali da ba a ƙirga ba. Da farko Hopkins ya mayar da martani cewa abin da suka ware ne ke da gauraye. Sai dai bai tsaya a kan musu ba. Ya koma ɗakin gwaji, ya samo sabuwar hanyar tace sinadarin da jan ƙarfe har ya fito tsantsarsa, a 1929 kuma ya wallafa cewa ya yi kuskure: tubalan uku ne, na ukun shi ne gilisin. A shekarar nan Edward Kendall da abokan aikinsa a Amurka suka kai ga wannan sakamako, kuma a cikinta aka ba Hopkins kyautar Nobel saboda aikinsa kan bitamin. Gardamar ta ƙare a 1935, lokacin da Charles Harington da Thomas Mead suka harhaɗa gulutatiyon daga tubalansa a Landan, ya fito daidai da na cikin halitta.

Sanin siffarsa ya bayyana aikinsa. Sistin da ke tsakiyar sarƙar yana ɗauke da farar wuta, kuma ita ce ke tarbar sinadarai masu ƙona ƙwayar halitta daga ciki. Idan ta tarbe su, gulutatiyon biyu sukan manne da juna, aikinsu ya tsaya, sai ƙwayar ta raba su kafin su sake amfani. Muddin rabawar na tafiya, ƙwayar tana da kariya.

Muhimmancin wannan ya fito fili a zamanin yaƙin Koriya, a farkon shekarun 1950. An ba sojojin Amurka maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin, sai aka ga kusan ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata a cikinsu jajayen ƙwayoyin jininsu na fashewa, fitsarinsu ya yi duhu. Masana na Jami'ar Shikago sun bi diddigin lamarin ta gwaji a kan fursunonin kurkukun Stateville, abin da ake suka a yau ta fuskar haƙƙin ɗan Adam. Ernest Beutler ya gano cewa gulutatiyon na jinin waɗannan mutane yana ƙarewa da sauri idan magani ya taɓa shi. A 1956 Paul Carson da abokansa suka gano tushen: ƙarancin wani inzayim da ake kira G6PD, wanda ke samar da abin da ake raba manannun gulutatiyon da shi.

Wannan ƙaranci gadonsa ake yi, ya fi bayyana ga maza, kuma an ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 400 ne ke ɗauke da shi a duniya. Ya yawaita a inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, har da Afirka ta Yamma, domin yana ba da ɗan kariya daga cutar. Shi ya sa yake cikin manyan dalilan shawara mai tsanani ga jarirai a wannan yanki, kuma shi ya sa likitoci ke hana a sa ƙwallon kafur a kayan jariri, suke kuma son a gwada jini kafin a ba da firimakwin.

Hanta ma da shi take dogara. A 1973 masana a Amurka suka nuna cewa farasitamol idan ya wuce kima yana cinye gulutatiyon na hanta, daga nan gubarsa ta afka wa hantar kanta. Kafin ƙarshen shekarun 1970 likitoci a Edinbara ta Sikotilan sun fara ceton masu wannan guba da maganin asetilsistin, wanda ke ba hanta sistin ta sake gina abin da ta rasa. Har yau shi ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima, kuma ya fi amfani idan an fara shi cikin sa'o'i 8 na farko.