Ciwon CRPS: Yadda ake jinyar raɗaɗin da ya ƙi tafiya

Wani lokaci mutum yakan karye a hannu ko a ƙafa, ƙashi ya haɗe, rauni ya warke, amma ciwo ya ƙi tafiya, har ma ya fi na ranar farko tsanani. Likitoci na kiran wannan larura da suna CRPS.

Mai fama da ita yakan ji gaɓar tana ƙuna kamar an ɗora mata garwashi. Fata takan sauya launi, ta kumbura, ta yi zafi ko sanyi fiye da ɗaya gefen. Wasu ko riga ta taɓa wurin ba sa iya jurewa.

Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya bayyana ciwon a 1864 a tsakanin sojojin da suka ji raunin harsashi a yaƙin basasar ƙasar. A 1994 ƙungiyar duniya mai nazarin raɗaɗi ta ba shi sunan da ake amfani da shi yanzu. Mata sun fi maza kamuwa da shi.

Mafi yawan masu ciwon sukan samu sauƙi cikin shekarar farko. Ga waɗanda ya daɗe a jikinsu kuwa, babu magani guda da ke kawar da shi, sai dai a haɗa hanyoyi da dama.

Motsa gaɓa

Ginshiƙin jinyar shi ne ci gaba da amfani da gaɓar. Mai ciwo yakan ƙi motsa hannun saboda tsoron zafi, alhali barinsa a haka yana sa ya sandare, tsoka ta shanye, ciwon kuma ya ƙaru.

Masu gasa ƙashi da motsa jiki sukan fara da kaɗan kaɗan. Sukan shafa wurin da auduga, sannan da tawul, har fata ta sake sabawa da taɓawa.

Akwai kuma dabarar madubi. Majinyaci yakan ɓoye hannun da ke ciwo a bayan madubi, ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka cewa hannun mai ciwo ne ke motsi ba tare da zafi ba. A 2004 wani masani ɗan Ostireliya, Lorimer Moseley, ya wallafa wani tsari na mataki uku wanda madubi ne matakinsa na ƙarshe, kuma ya gwada shi a kan waɗanda ciwon ya daɗe musu.

Magunguna

Manufar magani ita ce rage zafi har majinyaci ya iya barci da atisaye. Akan ba da magungunan ciwon jijiya irin su gabafentin, firegabalin da amitriftilin. Maganin siteroyid da magungunan ƙarfafa ƙashi sun fi amfani a watannin farko.

Wasu asibitoci na ba da ketamin ta hanyar ƙarin ruwa. Yana iya rage ciwo na wasu makonni, amma sauƙin ba ya ɗorewa, kuma yawan maimaita shi na iya cutar da hanta da mafitsara.

Masana na gargaɗi game da dogaro da magunguna irin su tiramadol da mofin na tsawon lokaci, domin jiki yakan saba da su, amfaninsu kuma ya ragu.

Na'urar lantarki a ƙashin baya

Idan sauran hanyoyi sun gaza, akan dasa ƙaramar na'ura da ke aika lantarki mai rauni zuwa lakar ƙashin baya, domin dakushe saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Akan fara da gwaji na 'yan kwanaki kafin a dasa ta dindindin.

Wani bincike da aka yi a Holand aka wallafa a 2000 ya nuna tana rage ciwo, sai dai da aka sake duba majinyatan bayan shekara biyar, an tarar tasirin ya ragu. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata sabuwar na'ura da ake dasawa a tushen jijiyar da ke zuwa ƙafa. Aikin yana da tsada, kuma yana buƙatar ƙwararru.

Wasu majinyata, saboda tsananin wahala, sukan roƙi a yanke gaɓar. Likitoci ba kasafai suke amincewa ba, domin ciwon na iya ci gaba a dungulmin, ko mutum ya riƙa jin zafi a gaɓar da aka riga aka cire.

Damuwa da iyali

Ciwon ba ƙirƙirar zuciya ba ne, amma shekaru na raɗaɗi sukan jawo baƙin ciki, rashin barci da rasa aiki. Shi ya sa ƙa'idojin da Kwalejin Likitoci ta Ingila ta fitar a 2012, ta kuma sabunta a 2018, suka ɗora jinyar a kan ginshiƙai huɗu: ilimantar da majinyaci, rage zafi, motsa jiki da kula da tunani.

Ana kuma so iyali su fahimci ciwon, domin majinyacin da ake zargi da raki yakan ɓoye abin da yake ji, ya daina zuwa asibiti.