Unguwa da Kasuwa a Tarihin Tattalin Arzikin Birnin Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda mahukuntan Kano suka haɗa zaman unguwa da harkar ciniki, da kuma yadda aka zo aka raba su.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, dabarar sarauta ita ce a jawo baƙo mai jari ko mai sana'a, a ba shi wurin zama kusa da kasuwa. Ta haka Larabawan Arewacin Afirka suka sami Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci su ake kira Turawa. Daga baya Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. In falke ya iso, gidan fatoma yake sauka, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an yi ciniki bashi. Wato unguwa ita ce masauki, ita ce ma'aji, ita ce banki.

Aikin hukuma kuwa tsare amana ne. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya tarar Sarkin Kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna, kuɗin kuma suna shiga taskar Sarki. Har ila yau ya ce akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko a Barno aka kwance aka ga algus, sai a komo da kayan a karɓi kuɗi. A ganina wannan amana ta fi ganuwa tsare arzikin Kano.

Bayan Turawan Ingila sun ci garin a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai cibiyar ciniki ta koma bayan ganuwa. Kamfanonin gyaɗa suka kafa kantuna daura da tasha, Kwarori suka zauna a gefen Fagge, aka yanka Sabon Gari domin mutanen Kudu. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun shiga cinikin gyaɗa sun yi fice, amma da yaransu na gida da tsohuwar hanyar ba da jari suka yi shi.

Tsarin shekara ashirin na Trevallion (1963-1983) ya bi wannan sawu na keɓe masana'antu daga gidajen jama'a. Bompai da Sharaɗa da Challawa sun samar wa dubban mutane aiki, amma marina na Ƙofar Mata da dukawa da majema na cikin birni ba su sami kulawar da manyan masana'antu suka samu ba. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, ga ƙarancin lantarki, ga atamfar waje, sai masaƙu suka yi ta rufewa. Kantin Kwari kuwa ya ci gaba da bunƙasa bisa tsarin maigida da yaronsa, ko da yake mafi yawan yadin da ke rumfunansa daga ƙasar Sin ake shigo da shi.