Karfasa: asalin sunanta a littattafai

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, kifin tafki da gulbi ce mai faɗin jiki da ƙayoyi jere a gadon baya. A Tasawa da Mayahi, inda Gulbin Kaba ke shafe yawancin shekara a bushe, an fi saninta soyayya ko banda a kasuwa. Masunta sun fi yawa wajen tafkin Madarunfa. Masu jin Faransanci na ce mata "karp", alhali karp na ainihi wani dangin kifi ne daban.

Sunan da masana ke rubutawa, tilapiya, Andrew Smith ne ya raɗa shi a 1840, likitan soja ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. A kan tushen sunan ne aka rabu. Wasu littattafai na jingina shi ga Girkanci, su haɗa "tilon", wani kifi da Aristotle ya ambata, da "apios", mai nisa. Wannan ɗinki ne da aka yi daga baya. Smith ya ratsa ƙasar Tswana a tafiyarsa ta 1834 zuwa 1836, kuma a harshensu "tlhapi" kifi ne kawai, kowane iri. Nan hankali ya fi kwanciya.

Sunan ya daɗe yana rufe da kifaye barkatai, har Ethelwynn Trewavas, masaniyar kifi a Landan, ta tantance su a littafinta na 1983 bisa yadda suke renon ƙwai. Masu gadin ƙwai a gurbin da suka share a ƙasan ruwa suka riƙe sunan Tilapia. Waɗanda uwa ke guntse ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe suka koma Oreochromis. In uba ne ke guntsewa, ko su biyun, Sarotherodon. Duk masuncin da ya taɓa buɗe bakin karfasa ya tarar da ƙwai cike ya san abin da ake nufi. Ta haka karfasar Nilu, wadda Linnaeus ya bayyana tun 1758, ta zama Oreochromis niloticus. Oreochromis suna ne da Albert Günther ya ƙirƙiro a 1889 don wani kifin tafkin Chala a gindin Kilimanjaro. Farkonsa na nufin dutse.

A 2013 an sake tsaga dangin, aka mayar da karfasa mai jan ciki Coptodon zillii.